Furen Matar Kafinta

Shekara talatin da huɗu Kafinta yana da aure, amma bai san inda ake ajiye gishiri a gidansa ba sai da matarsa ta tafi. A rana ta uku ya gano shi cikin wani tsohon gwangwanin madara, bayan ya zuba sukari a miya har sau biyu.

A ganinsa tafiyar ba ta rigima ba ce. Autarsu ce ta haihu a wani gari mai nisan awa huɗu a mota, uwar ta ce za ta je ta taya ta na wata guda. Abin da ya faru kwana biyu kafin tafiyar kuwa, shi har ya manta da shi.

A bayan gidan, tsakanin tankin ruwa da rumfar da yake aiki, matar tana da ɗan fili, taku shida a tsaye, uku a kwance. Ba ta shuka komai a ciki sai fure iri ɗaya. Masu sayar da shi gladiyolas suke ce masa, ita kuwa furen takobi take kiransa, don ganyensa dogo ne mai tsini, yana fitowa daga ƙasa a miƙe kamar an kafa takubba. Ba da ƙwaya ake shuka shi ba. Wani dunƙule ne mai kama da albasa ake binnewa, bayan wata biyu da rabi ya fitar da kara guda, furanni su jeru a jikinsa daga ƙasa har sama, wani ja, wani fari, wani ruwan hoda, wani kalar ɓawon lemo. Guda biyar yayarta ta ba ta a shekarar da aka kawo ta gidan. Yayar ta rasu tuntuni. Kowace shekara matar takan tone albasar, ta shanya, ta ware 'ya'yan, ta adana, lokaci ya yi ta sake binnewa. Ɓera ya ci rabonsa, ruɓa ta ci nata, duk da haka biyar ɗin nan sun zama arba'in da biyu.

Ranar da abin ya faru an kawo wa Kafinta katako masu tsawon ƙafa goma sha biyu. Daga ƙofar gida zuwa rumfa, hanya mafi kusa ta tsakiyar filin ta bi. Kafinta kuwa mutum ne mai son hanya mafi kusa. Ya ja katakon ta kan tsiron da bai wuce tsawon yatsa ba, ya karya shida.

Matar ta fito daga kicin hannunta da ruwa.

"Maigida, ba ka ga tsiron ba ne?"

"Na ga ciyawa dai."

A rumfar akwai Tela, maƙwabcinsa kuma abokin zamansa, da wani mutum da ya zo duba kujerunsa. Ganin ya samu masu sauraro, sai Kafinta ya ƙara.

"Ku gane mini hanya. Shekara talatin da huɗu tana ba abin da ba a miya da shi ruwa. Da albasar gaske ce, da tuni mun huta da zuwa kasuwa."

Mai kujeru ya yi dariya. Tela bai yi ba. Matar ta durƙusa ta tsince karyayyun tsiron ɗaya bayan ɗaya, ta naɗe su a bakin zanenta, ta koma ciki ba ta ce uffan ba. Namijin da yake da hankali, shirun matarsa ya fi hayaniyarta ba shi tsoro. Kafinta kuwa ɗauka ya yi ya ci gardama.

Wata ya cika, ba ta dawo ba. Ya kira, ta ce jaririn yana mura. Ya sake kira, ta ce murar ta tafi, amma Auta ba ta gama ƙwari ba. A karo na uku sai Autar ce ta ɗauki wayar.

"Baba, in faɗa maka gaskiya ko in lallaɓa ka?"

"Ni jariri ne da za a lallaɓa ni?"

"To jiya Umma ta sa mijina ya sayo mata fartanya. Fili take gyarawa a bayan gidanmu."

"Fili kuma? Na me?"

"Ta ce in lokacin tono ya yi za ta aiko a ɗebo mata albasar furenta. Ta ce tufafinta ma a bar su, ba ta da sauran kaya a gidanka sai albasar."

Kafinta ya ce to, ya ce a gaida mai jego alhali da mai jegon yake magana, ya kashe wayar. Ya zauna a kan benci ya daɗe yana kallon zarton da ke hannunsa. Ba wawa ba ne. Ya san baƙuwar da ta fara saran ƙasa a gidan mutane ta daina zama baƙuwa. Ranar da aka tone albasar nan aka sa ta a mota, aurensa ne aka sa a mota.

Abin da ake bukata daga gare shi bai wuce kalma biyu ba: yi haƙuri. Yaro ɗan shekara uku ma ya iya su. Amma akwai mazan da gara su ɗauki dutse a ka na wata biyu da su furta su, Kafinta kuwa limaminsu ne. Sai ya yanke shawarar zai nuna mata a aikace. Zai kula da furen nan har ya fi yadda ita take yi, ya kai mata har inda take, ta gani da idonta, a rufe magana ba tare da an buɗe ta ba.

Da ya zagaya bayan gidan sai ya tarar ƙasar da danshi. Ashe matar Tela ce take shigowa kullum tana zuba ruwa, don ita aka bar wa sallahun, ba maigidan ba. Wannan ya ƙona masa rai fiye da maganar fartanya. Ya sallame ta da godiya mai sanyi, ya naɗe hannun riga.

A nan dole a yi masa adalci, mutumin ya iya aiki. Ya fere sanduna talatin da shida daga katako mai kyau, ya goge su sumul, ya kafa ɗaya a gefen kowane tsiro da igiyar awo, layi ya fita kamar an ja shi da rula. Ruwa gwangwani biyu kowane gindi, safe da yamma, a kan agogo. Ciyawa ko ta leƙo yau, yau za ta mutu. A mako na farko kafaɗarsa ta riƙe saboda ɗaukar bokiti daga tanki. Yana shafa mata man zafi sai ya tuna shekara talatin da huɗu wata tana ɗaukar bokitin nan bai taɓa jin ta ce wash ba. Saura kaɗan ya fahimci wani abu a wannan yammacin. Sai ya juya tunanin ya koma kan yadda zai jawo famfo zuwa wurin.

Tela kuwa ya samu abin yi. Kullum sai ya ɗora haɓa a kan katanga.

"Sannu da aiki, sarkin noma. Yau miyar me za a yi mana da su?"

"Je ka ɗinke bakinka, tunda allura ba ta yi maka tsada."

"A'a, tambaya na yi. Na ji wani babban masani ya ce ciyawa ce. Ban taɓa ganin an yi wa ciyawa sandar dogarawa ba."

"Ina gyara ɓarnar mata ne. Dubi yadda ta shuka su, ko layi babu."

"Ka kira ta ka ba ta haƙuri, tsoho. Kuɗin waya ne babu in ba ka tawa?"

"Haƙurin me? Dukanta na yi?"

Wata safiya ya fito da kofin shayi ya ga kara ɗaya ya tsage daga ƙasa, wani jan fure ya leƙo kamar harshen wuta. Ya tsaya. Washegari na biyu ya buɗe a samansa, jibi na uku, suna hawa kamar masu taka tsani. Shayin ya huce a hannunsa bai sani ba. Shekara talatin da huɗu abin nan yana faruwa taku goma daga inda yake fere katako, bai taɓa ɗaga kai ba. Cikin kwana goma filin ya kama da launi, har masu kawo aiki suna mantawa da abin da ya kawo su. Kafinta ya fara yi wa furannin magana in ya tabbata Tela ba ya kusa.

Guda uku ne kawai suka ɓata masa rai. Suna can ƙarshe a inuwar tanki, sun karkata suna neman rana. Ya ɗaure su, suka karkace ta sama. Ya ƙara ɗauri, suka karkace ta wani gefen. Marasa tarbiyya yake ce musu. A sana'arsa karkataccen katako ba ya shiga aiki, gefe ake jefa shi.

Da ya ga yawancinsu sun buɗe sun cika ido, sai ya ce lokaci ya yi. Ya kwana biyu yana haɗa akwatin da zai kai su a ciki: dogo, mai hawa uku, tsakanin kowane hawa da na samansa taƙi guda, wato buɗin tafin hannu, don kada wani fure ya danne wani. Ya shimfiɗa jarida a ciki, ya yi masa murfi.

Tela ya shigo ya ga akwatin a kan benci, ya cire hula.

"Innalillahi. Wa ya rasu ba a gaya mini ba?"

"Hankalinka ne ya rasu. Na fure ne."

"Kwantar da su za ka yi? Ita kam a bokiti nake ganin tana tsayar da su, da ruwa a ciki."

Kafinta ya ajiye guduma, don an taɓo inda ya fi ƙarfi.

"Tela, kai tsumma ka sani. Duk abu dogo, in kana so ya zauna a miƙe, kwantar da shi ake yi. Jingine katako a bango kwana biyu ka gani in bai yi ciki ba. Shekara arba'in ban taɓa ajiye dogon abu a tsaye ba."

Da la'asar ya wasa wuƙa. Matar Tela ta ji ƙarar dutsen washi ta leƙo ta katanga.

"Baban Auta, don Allah ka kira ta ka tambayi yadda ake yankan. Akwai yadda take yi, ni dai ban riƙe ba."

"Yanka? Ni za a koya wa yanka? Tun kafin a haife ki nake yanka."

Ya durƙusa ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana yankewa daidai da ƙasa, kara da ganye gaba ɗaya, yanka mai tsabta, ba guntu ba tsage. Talatin da uku. Ukun da ke inuwar tanki ya harare su ya wuce, don ba zai kai wa mace karkataccen abu ya ce aikinsa ne ba. Ya jera sauran a akwati, sha ɗaya a kowane hawa, kai na kallon gefe guda. Ya rufe da sukurori takwas. Sannan ya tuge sandunan, ya share filin, ya baje ƙasar, wurin ya koma fes kamar tsakar ɗaki. Ya ja da baya ya duba aikinsa, ya ji ransa ya yi fari.

Akwatin ya kwana a bayan tsohuwar akori-kurarsa. Da gari ya waye ya sa rigarsa ta zuwa ɗaurin aure ya kama hanya, yana tafiya a hankali, yana kauce wa kowane rami. A hanya ya shirya jawabi, ya maimaita shi sau uku. Babu yi haƙuri a ciki, amma akwai maganar sanduna da agogo da gwangwani biyu.

Rana ta take tsaka ya isa. Surukinsa ya fito da sauri ya durƙusa ya gaishe shi, suka kama akwatin su biyu suka shigar falo. Auta ta ga abin da ake shigowa da shi ta dafe ƙirji.

"Baba, lafiya?"

"Lafiya ƙalau. Kira mini uwarki."

Matar ta fito da jaririn a kafaɗa. Ta yi ƙiba, ta yi haske, abin da bai yi wa Kafinta daɗi ba ko kaɗan. Ta gaishe shi yadda ake gaida baƙon kirki, ta tambayi hanya, ta tambayi su Tela, ta zauna.

"Na kawo miki abu," in ji shi. "Ba don komai ba, don ki ga yadda abu yake zama in an bi shi da tsari."

Ya ciro sukundireba daga aljihu. Sukurori takwas ba sa fita da gaggawa, ya kuwa yi amfani da lokacin ya zuba jawabinsa. Ya kai kan gwangwani biyu daidai lokacin da na ƙarshe ya fita. Ya ɗaga murfin yana kallon fuskarta, ba akwatin ba.

Surukin ne ya fara yin wani tari da ba tari ba.

Kafinta ya duba. Furen takobi ba katako ba ne. Abu ne mai rai, ko an yanke shi sama yake nema. Tun jiya da aka kwantar da su kowane kara ya ɗago kansa, taƙi gudan da ya bar musu sun yi amfani da shi tsaf. Sha ɗaya ne a hawan sama, duk sun lanƙwashe kamar mariƙin lema. Furannin ƙasa kuwa ƙishi da zafin mota sun gama da su, sun yi laushi kamar jiƙaƙƙen ƙyalle. Ya ɗaga hawa na biyu, haka. Na uku, haka. Ya ɗauki wani ja, mafi tsawo, wanda ya fi alfahari da shi, ya kama kan zai miƙar, ya ji ƙas.

"Hanya ce," in ji shi. "Hanyar nan ta lalace."

Matar ba ta kalli lanƙwasar ba. Ta miƙa hannu ta ɗauki guda ta juya gindinsa, ta shafa ganyen da babban yatsa.

"Da ganyen ka yanko?"

"Duka. Ba na barin guntu. Ki je ki ga wurin, na share shi tas."

"Duka talatin da ukun?"

"Har ƙasa."

Ta ajiye shi a kan cinyarta a hankali.

"Maigida, furen na ido ne. Ganyen shi ne abincin albasar. Wadda na binne ta riga ta ƙare, ita ta zama wannan da kake gani. Sabuwa ce take haɗuwa a ƙasa, ganyen nan ne yake ciyar da ita har mako shida bayan fure. Ganye huɗu nake bari a kowane gindi. Ka taɓa ganin na yanke ganye kafin ya bushe?"

Nan ne ya kamata ya yi shiru. Amma Kafinta mutum ne mai gaskiya, gaskiyarsa kuwa ba ta san lokaci ba.

"Ina dai ganin kina barin wurin kaca-kaca kowace shekara. Na ɗauka ƙyuya ce."

Auta ta rufe ido. Surukin ya tuna yana da aiki a waje, ya fita.

Matar ta kalli mijinta, kallon da ba fushi a ciki, wanda ya fi na fushin ciwo. Sannan ta koma kan akwatin, leɓɓanta suna motsi.

"Arba'in da biyu na binne. Shida ka kashe da katako. Ga talatin da uku. Ina ukun?"

"Bar waɗannan. Na wajen tanki ne, karkatattu, ba su da fasali. Kunya ce ta hana ni kawo miki su. Ina komawa zan tuge su in zubar."

"Suna nan da ganyensu?"

"Suna nan suna ɓata wuri."

Ta miƙe ta ɗora wa Auta jaririn a hannu.

"Ɗauko mini jakata."

"Umma?"

"Ba ki ji abin da ya ce ba? In ya koma shi kaɗai tuge su zai yi."

"To ai sai a ce masa kada ya taɓa. Baba, ba za ka taɓa ba, ko?"

"In an ce kada ya tuge, gyara su zai yi," in ji uwar. "Ni gyaransa nake tsoro. Sa'ad da yake zagin furen nan shida kawai ya kashe. Da ya so shi, dubi."

"To a tono ukun a kawo miki nan."

"Ba a tono yanzu. Sai ganye ya bushe da kansa. Mako shida, kuma sai da mai gadi."

Kafin su fita ta sa aka kawo bokiti da ruwa, ta datse gindin furannin ta tsayar da su a ciki. Ta ce zuwa yamma na sama za su farfaɗo su buɗe, amma lanƙwasar ta zauna ke nan. Aka bar wa Auta falo cike da mariƙan lema masu launi. Akwatin kuwa matar ta ce a mayar da shi mota, hawa ukun nan nasa za su yi amfani wajen shanyar albasa.

Awa huɗu suka yi a hanya. Maganar da ta shiga tsakaninsu ita ce ya rage gudu, sai kuma ya ƙara. Suna isa ba ta shiga ɗaki ba, bayan gida ta wuce da jakarta a hannu. Ta tsaya a kan filin da aka share fes, ta daɗe. Sannan ta je wurin marasa tarbiyyar uku ta kwance musu ɗaurin da ya yi musu, ta bar su suka karkata yadda suke so.

Da yamma Kafinta ya ɗora haɓa a kan katanga, yau shi ne mai leƙe.

"Tela! Ka ga wadda ta dawo? Wa ya ce sai an ba da haƙuri? Fure na kai mata, ko minti goma ba a yi ba ta ce a ɗauko jaka."

"Haka aka yi?"

"Tambaye ta."

"A'a, na yarda. Matata dai ta ce jakar tana bakin ƙofar ɗaki, ba a kwance ta ba."

Gaskiya ne. Mako shida jakar nan tana zaune a bayan ƙofa, matar tana ciro abin da za ta sa ta mayar da wanda ta wanke. Ta dafa abinci, ta share gida, ta amsa gaisuwa. Kafinta yana wuce jakar safe da yamma kamar mai wuce karen da bai san halinsa ba. Da ya kawo katako sai ya zagaya ta doguwar hanya, ta bayan tanki, har ya goge gwiwar hannu a bango. Bai ce don me ba, ita ma ba ta ce ta gani ba. Ganyen ukun ya yi rawaya, ya kwanta, ya bushe, wurin ya yi kaca-kaca. Hannunsa ya riƙa yi masa ƙaiƙayi, ya sa shi a aljihu.

Ranar tono ta zo. Ya zauna a rumfa yana goge wani katako da ya riga ya gogu, idonsa yana kanta. Inda ya yi yankansa mai tsabta, abin da ta tono ba shi da daɗin gani: wasu sun ruɓe, wasu sun motse kamar busasshen ɓawo, sai 'yan ƙananan 'ya'ya kamar ƙwayar wake da ta riƙa tsincewa da yatsa tana tarawa a murfin gwangwani. A inuwar tanki kuwa ta ciro uku manya, cikakku, kowace da 'ya'ya a gindinta. Ta jera su a hawan akwatinsa suka sha iska kwanaki.

Da suka bushe ta zauna a bakin ƙofar kicin ta zuba su cikin wata tsohuwar safa, ta ƙulle bakin. Abin da ya rage na shekara talatin da huɗu bai cika safa guda ba. Daga inda take zaune zuwa jakar taku biyar ne. Kafinta ya auna da ido, don awo sana'arsa ce.

Ya taso ya zo ya tsaya a kanta, yana juya fensirin da ke bayan kunnensa. Kalmomin nan biyu sun zo masa har maƙogwaro, suka ga hanya ba ta da kyau, suka koma. Abin da ya fito daban ne.

"Su waɗannan, yaya ake ajiye su? A kwance ko a tsaye?"

Ta ɗago ta dube shi. Tun da aka kawo ta gidan nan ya tambaye ta ina hularsa, ya tambaye ta me ya sa abinci ya makara. Bai taɓa tambayarta yadda ake yin wani abu ba.

"A rataye," in ji ta. "Inda iska take, ɓera ba ya kaiwa."

"To da ina kike rataye su?"

"A jikin ƙusar da ka cire bara, ka ce ta ɓata bango."

Ya juya ya kalli bangon.

"Ƙananan nan sai sun shekara biyu ko uku kafin su yi fure," ta ci gaba, tana juya safar a hannunta. "Kuma suna son rana. Inda rana take a gidan nan, rumfarka ce a kai."

Kafinta ya kalli rumfar da ya kafa da hannunsa tun kafin a haifi Auta. Ya kalli safar. Bai kalli jakar ba, don ya san inda take.

"Dama gara ta fara cin ginshiƙanta," in ji shi. Ƙarya ce, ginshiƙan lafiyarsu ƙalau.

Ta miƙa masa hannu ya ɗaga ta, ta shiga kicin ta nuna wani wuri a bango kusa da taga.

"Buga mini ƙusa a nan."

Ya je ya zaɓo ƙusa, ya ɗauko guduma, ya ɗauko tef ɗin awo. Ya ja tef ɗin daga ƙasa, ya ga inda ta nuna ya kauce wa tsakiyar bangon da yatsa uku. Ya buɗe baki. Ta ɗaga gira. Ya naɗe tef ɗin ya sa a aljihu, ya buga ƙusar daidai inda yatsanta yake.

Daga bayan katanga Tela ya ji bugu uku, ya ɗaga murya.

"Sarkin noma, yau kuma me ake ƙerawa?"

"Wani ɗan gyara ne nake nuna mata," in ji Kafinta.

Matar ta rataye safar, ta ja ta ƙasa kaɗan don ta ji ƙarfin ƙusar, sannan ta wuce ɗaki ta fara kwance jaka.